Kogin da babu shi: yadda tsoffin taswirori suka yanke makomar Bakassi da Darak

A shekarar 1885 gwamnatocin Birtaniya da Jamus suka amince cewa wani kogi mai suna Rio del Rey ne zai raba yankunan da kowaccensu ke iko da su a gaɓar tekun Gini. Yarjejeniyar ta ce iyakar za ta bi gaɓar dama ta kogin, tun daga bakinsa har zuwa mafarinsa. Bayan shekara biyar, ranar 1 ga Yulin 1890, sai ƙasashen biyu suka rubuta a wata sabuwar yarjejeniya cewa sun gamsu babu wani kogi a wurin irin wanda taswirori ke nunawa da wannan suna. Abin da ke wurin mashigin teku ne mai rassa barkatai, sun kewaye tsibiran laka da kurmin itatuwan ruwan gishiri. Babu wani mafari guda da za a bi.

Daga wannan kuskure aka fara jan zaren taƙaddamar da ta kai Kamaru da Najeriya gaban Kotun Duniya fiye da shekara ɗari bayan haka. Maganar ta shafi Hausawa kai tsaye. A unguwar Briqueterie da ke Yawunde, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango, da wuya a sami gidan da ba shi da dangi a Kano, Maraɗi, Garwa ko Kusiri. Bandar kifin da ake kaiwa kasuwanni daga Tafkin Chadi, da busasshen jatan lande na Bakassi, duk suna fitowa ne daga wuraren da layin iyaka ya ratsa ta cikin ruwa. Kuma masu kamun kifin nan, musamman na tafki, akwai Hausawa da yawa a cikinsu. Wa ya ja waɗannan layuka, da wane irin awo, kuma me ya sa har yau ake aiki da su?

Yadda ake awon ruwa a wancan zamani

Turawan Fotugal ne suka fara sa gaɓar Kamaru a taswira. Wajajen 1472 jiragensu suka iso bakin kogin Wouri, inda birnin Duwala yake a yau. Ganin yawan jatan lande ya sa suka kira wurin Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande, kuma daga nan sunan Kamaru ya samo asali. Sunan Rio del Rey, wato kogin sarki, shi ma daga matuƙan jiragen wancan zamani ya fito. Mutumin da ke tsaye a kan jirgi ya hango baki mai faɗin gaske yana amayar da ruwa cikin teku, ba abin da zai zo masa a rai sai cewa babban kogi ne ya gangaro daga nesa. Haka aka zana shi, masu zane na baya kuma suka yi ta kwafa daga na gaba.

A ƙarni na 19 rundunar ruwan Birtaniya ta ɗauki aikin awon gaɓar Afirka da gaske. Ɗaya daga cikin fitattun masu wannan aiki shi ne Kyaftin William Owen, wanda a 1827 ya kafa sansanin Clarence a tsibirin Fernando Po, garin da ake kira Malabo a yanzu. Aikin na hannu ne. Ana sauke ƙananan jirage, matuƙi ya jefa igiya mai darma a bakinta, ya ƙirga zurfin ruwa da gaba, wani kuma ya rubuta. A gindin darmar ana liƙa kitse, don in ta taɓa ƙasa ta ɗauko yashi ko laka a san irin ƙasan wurin. Matsayin jirgi kuwa ana gane shi ne da na'urar auna tsayin rana da taurari, da agogo na musamman, da kamfas.

Abin da masu awon ke nema shi ne hanyar da jiragen ɗaukar manja za su bi su shiga Kalaba da Duwala ba tare da sun kafe ba. Saboda haka taswirorinsu sun cika da lambobin zurfi a tsakiyar ruwa, amma da an matsa cikin ƙoramu sai zane ya zama na kintace. Wurin ma ba ya ba da haɗin kai. Babu dutse ko tudu da mai awo zai hau ya hango nesa. Itatuwan da ake kira mangrove sun rufe gaɓa, teku na cikowa ta janye sau biyu a yini, abin da yake tsibiri da safe kan iya zama fadama da yamma. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke kashe matuƙa. Masuntan Efik da sauran mazauna wurin sun san kowace ƙorama da sunanta, amma ba su aka tambaya ba ranar da ake rabon ƙasa a Landan da Balin.

Taswirar Moisel

Bayan Jamus ta kafa tutarta a Duwala a watan Yulin 1884, ta buƙaci sanin ƙasar da ta ce tata ce. Hafsoshin soja da jami'an mulki suka riƙa tafiya da kamfas da agogo, suna rubuta tsawon lokacin da suka yi tsakanin wannan gari da wancan, da inda hanya ta karkata, da kogunan da suka ƙetare. Inda ƙafarsu ba ta kai ba, sai su tambayi matafiya. Wannan tsohuwar dabara ce: tun a shekarun 1850 Heinrich Barth ya cika littattafansa da jerin zangunan da fatake da alhazai suka lissafa masa, kafin nan kuma, a 1824, an zana wa Hugh Clapperton taswirar kogin Kwara a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato.

Duk waɗannan rahotanni na jami'an Jamus ana aika su Balin, inda wani masanin zanen taswira mai suna Max Moisel ke harhaɗa su. Shi da kansa ya ziyarci Kamaru a 1907, har ya gana da Sarki Njoya a Fumban. Sakamakon aikinsa shi ne babbar taswirar Kamaru mai fallaye fiye da talatin, wadda aka buga a shekarun da suka gabaci Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ma'auninta 1:300,000 ne, wato kowace santimita ɗaya a takarda kilomita 3 ce a ƙasa. A irin wannan ma'auni, layin alƙalami mai kaurin milimita ɗaya ya rufe mita 300, faɗin da ya isa ya haɗiye ƙauyen masunta sukutum.

Duk da haka babu wadda ta fi ta a lokacin. Shi ya sa da Jamus ta sha kaye, Birtaniya da Faransa suka raba Kamaru tsakaninsu, taswirar abokin gabarsu suka shimfiɗa a tebur. Sanarwar Milner da Simon ta ranar 10 ga Yulin 1919, wadda ta fayyace rabon, ta ambaci taswirar Moisel da sunanta.

Yarjejeniyar 1913 ta san ruwa na tafiya

Kafin yaƙin, Birtaniya da Jamus sun riga sun warware matsalar kogin da babu shi. A yarjejeniyar da suka sa wa hannu a Landan ranar 11 ga Maris 1913, sun mayar da iyaka yamma, zuwa kogin Akwayafe. Layin zai bi kwarin kogin mafi zurfi har zuwa tsakanin wurare biyu da ake kira Bakassi Point da King Point, daga nan ya bi tsakiyar hanyar jirage zuwa mil uku cikin teku. Wannan ya sa Bakassi ya faɗa ɓangaren Jamus, Birtaniya kuma ta tsira da abin da ya fi damunta, wato hanyar shiga tashar Kalaba.

Masu rubuta yarjejeniyar sun koyi darasi daga abin da ya faru a baya. Sun sa sharaɗin cewa idan kwarin kogin ya gusa har matsayinsa da na tsibiran da ke cikinsa ya canza, za a sake zana taswira a daidaita iyaka. Sun kuma ƙara da cewa ko da Akwayafe ya sauya baki ya koma zuba a Rio del Rey, Bakassi na nan a hannun Jamus. Haka kuma sun amince mazauna yankin su ci gaba da kamun kifi kamar yadda suka saba.

Shekara ɗaya bayan haka yaƙi ya ɓarke. Bakassi ya shiga cikin ɓangaren Kamaru da aka ba Birtaniya riƙo, ita kuma ta riƙa gudanar da shi tare da Najeriya. Shekara arba'in da wani abu layin 1913 yana kwance a takarda, ba wanda ya ji shi a jikinsa, domin hukuma ɗaya ce a gaɓa biyun. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ya farka: arewacin yankin riƙon ya zaɓi Najeriya ya zama Lardin Sardauna, kudanci kuma ya zaɓi Kamaru.

Layin da aka ja a Yawunde

Da aka fara haƙar man fetur a wannan yanki na teku, mil ukun da Turawa suka tsaya a kai ya kasa. Ranar 4 ga Afrilun 1971 Shugaba Ahmadu Ahidjo da Janar Yakubu Gowon suka haɗu a Yawunde, aka shimfiɗa musu taswirar rundunar ruwan Birtaniya mai lamba 3433, wadda ke nuna mashigar Kalaba, suka amince da layin da aka ja a kanta. Daga baya aka fayyace shi da ɗigo 12. Ranar 1 ga Yunin 1975 suka sake haɗuwa a Marwa suka tsawaita layin daga ɗigo na 12 zuwa wani ɗigo da aka kira G. Ba a cika wata biyu ba aka hamɓarar da Gowon, gwamnatocin da suka biyo baya kuma suka ce majalisar ƙoli ta soja ba ta taɓa amincewa da sanarwar Marwa ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayun 1981 an kashe sojojin Najeriya biyar a wata arangama a yankin. A ƙarshen 1993 sojojin Najeriya suka shiga Bakassi, aka yi ta musayar wuta. Ranar 29 ga Maris 1994 Kamaru ta shigar da ƙara a Kotun Duniya da ke birnin Heg, bayan 'yan watanni kuma ta faɗaɗa ƙarar ta haɗa da Tafkin Chadi da dukan iyakar da ke tsakanin tafki da teku.

Darak: tsibiran da taswira ba ta sani ba

A can arewa matsalar iri ɗaya ce, sai dai ta fi tsanani, domin Tafkin Chadi ba shi da tsayayyar gaɓa. A 1851 Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya shiga tafkin da jirgin da aka ratso Sahara da shi gunduwa-gunduwa a kan raƙuma, ya kai ga tsibiran Buduma. Tsakanin 1906 da 1909 tawagar hafsan Faransa Jean Tilho ta yi wa tafkin awo na tsanaki, ta tarar da sassan arewacinsa sun ƙafe. Tilho ne daga baya ya kasa yanayin tafkin gida uku: ƙarami, matsakaici da babba. Kowace taswira ta tafkin hoto ne na shekarar da aka yi awon.

Birtaniya da Faransa sun kauce wa bin gaɓa. A sanarwar Thomson da Marchand, wadda aka tabbatar da musayar takardu a 1931, sun ɗauki wani ɗigo a tsakiyar ruwa inda ƙasashe uku suka haɗu, a kan digiri 13 da minti 5 arewa, da kimanin digiri 14 da minti 5 gabas, suka ja miƙaƙƙen layi daga nan zuwa bakin kogin Ebeji, wanda ake kira El Beid. A lokacin ruwa ne zalla a ƙarƙashin layin.

A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye kusan kashi tara cikin goma na wannan ruwa. Masunta suka bi kifi, manoma suka bi danshi. Hausawa, Barebari, Larabawan Shuwa, Kotoko, Musgum, har da masunta daga Mali, suka kafa ƙauyuka a kan tsibiran da suka ɓullo. Mafi girma a cikinsu shi ne Darak. Yawancin mutanen daga gaɓar Najeriya suka taso, kuma ba su ƙetare wani shinge ko turken iyaka ba. Hukumomin jihar Borno suka biyo su da haraji, da makaranta, da 'yan sanda. Amma a lissafin layin 1931, ƙauyukan suna gabas da iyaka, cikin Kamaru.

Bayan faɗan da aka yi tsakanin Najeriya da Chadi kan wasu tsibirai a 1983, Hukumar Tafkin Chadi ta ɗauko ƙwararrun cibiyar taswira ta Faransa, IGN, suka yi aikin shata iyaka daga 1988 zuwa 1990. Najeriya ba ta kammala amincewa da sakamakon ba. Wata tambaya mai wuya ita ce ina bakin Ebeji yake, tun da kogin ya rabu biyu kuma tafkin da yake zuba a ciki ya ja baya da nisa. Don amsa ta, alƙalan Heg sun koma kan taswirar Moisel da wadda aka haɗa da takardun 1931, suka tsayar da bakin kogin a inda yake a wancan lokaci.

Abin da kotu ta ce

Ranar 10 ga Oktoban 2002 kotu ta yanke hukunci. Game da Bakassi, Najeriya ta kafa hujja da cewa yarjejeniyar da Birtaniya ta ƙulla da sarakunan Tsohuwar Kalaba ranar 10 ga Satumban 1884 ta kariya ce kawai, don haka Birtaniya ba ta da ikon ba Jamus ƙasar da ba tata ba. Ta kuma nuna cewa yawancin mazauna yankin 'yan Najeriya ne, ita ce kuma ke gudanar da harkokinsu. Alƙalai 13 cikin 16 suka ƙi wannan hujja, suka tsaya kan yarjejeniyar 1913, suka kuma tabbatar da layukan Yawunde da Marwa. Darak da ƙauyukan da ke kewaye da shi su ma aka ce na Kamaru ne.

Ƙa'idar da kotu ta bi tana da sauƙin faɗa. Inda akwai rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace iyaka, ita ce gaba da daɗewar zama, gaba da yawan jama'a, gaba da rasiɗin haraji. Taswira ita kaɗai ba ta ba ƙasa mallaka. Tun a shari'ar Burkina Faso da Mali a 1986 kotun ta ce taswira bayani ce kawai, sai fa in an haɗa ta da yarjejeniya ta zama ɓangarenta. Ƙarfin taswirar Moisel da ta lamba 3433 ya zo ne daga hannun da hukumomi suka sa a kansu ko a takardun da suka ambace su.

Masu karatu a Nijar sun ga irin wannan a kogin Kwara. A rikicin tsibirin Lete da ke kusa da Gaya, kotun ta yanke ranar 12 ga Yulin 2005 cewa iyakar Nijar da Benin tana bin babbar hanyar jirage ta kogin kamar yadda take a lokacin samun 'yancin kai a 1960. Da tsoffin rahotannin awon zurfin ruwa aka gano wannan hanya. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9.

Bayan hukunci

A watan Disambar 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 na yankin tafki, Darak kuma ya zama gunduma a cikin Logone-et-Chari. Na Bakassi ya ɗauki lokaci. Sai ranar 12 ga Yunin 2006 Shugaba Paul Biya da Shugaba Olusegun Obasanjo suka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a Amurka, a gaban Kofi Annan. An kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agustan 2008, wa'adin riƙon ƙwarya na shekara biyar kuma ya ƙare a Agustan 2013.

A Greentree Kamaru ta yi alkawarin ba za ta tilasta wa 'yan Najeriya mazauna Bakassi tashi ko canza ƙasa ba, za ta mutunta harshensu da addininsu, ta bar su su ci gaba da noma da su, ta kare dukiyarsu, ba kuma za ta ɗora musu harajin wariya ba. Duk da haka dubban mutane sun ƙaura zuwa jihohin Kuros Riba da Akwa Ibom. Waɗanda suka zauna kuwa sun sami kansu baƙi a garin da aka haife su: ko su nemi zama 'yan Kamaru, ko su nemi takardar izinin zama. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar CEDEAO, saboda haka 'yancin zirga-zirgar da ɗan Najeriya ya saba da shi a yammacin Afirka bai kai nan ba. Wanda aka haifa a tsibiri ba a yi masa takardar haihuwa ba shi ya fi shiga tsaka mai wuya, domin kowace ƙasa na iya cewa ba ta san shi ba. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha yin gargaɗi kan haɗarin rasa ƙasa ga irin waɗannan mutane. Iyalin da ke zaune a bakin iyaka, ko a zango irin na Briqueterie, ba su da kariyar da ta wuce yi wa kowane yaro rajistar haihuwa da wuri da adana takardun iyaye.

Aikin awo bai ƙare ba. Hukumar haɗin gwiwar Kamaru da Najeriya, wadda aka kafa a ƙarshen 2002 ƙarƙashin jagorancin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shafe shekaru tana bin iyakar mai tsawon kimanin kilomita 2,000 tana kafa turaku. A ɓangaren teku sai da ƙwararru suka mayar da lambobin tsohuwar taswira ta 3433 zuwa tsarin da taurarin ɗan'adam ke aiki da shi, domin lissafin matuƙan da da na GPS ba su faɗa wuri ɗaya. A Yawunde, Cibiyar Taswira ta Ƙasa, INC, wadda aka kafa a 1992, ita ce ke da alhakin sabunta taswirorin Kamaru, waɗanda da yawansu an zana su ne daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960.

Ruwa kuma bai daina tafiya ba. Teku na cin gaɓa a Cap Cameroun da tsibirin Manoka kusa da Duwala. Ambaliyar kogunan Logone da Shari a 2022 da 2024 ta sake mamaye filayen da aka saba nomawa a kudancin Tafkin Chadi, rashin tsaro kuma ya tarwatsa ƙauyuka da dama. Tsibirai za su ci gaba da nutsewa wasu na ɓullowa, masunta kuma za su bi su. Bambancin yau da zamanin da aka kafa Darak shi ne iyakar tafkin ta zama lambobi tsayayyu da ba su dogara da gaɓa ba. Masuncin da ke riƙe da wayar da ke nuna matsayi, in ya san waɗannan lambobi, zai iya gane ƙasar da yake ciki tun kafin ya kafa bukka.